Sun'allah Ibrahim da Littafin da Managil Ke Jira

A shekarar 1959 an yi abubuwa biyu a birnin Alƙahira waɗanda in ba an zauna an duba ba, ba mai cewa akwai zaren da ya haɗa su. A farkon watan Janairu 'yan sandan Jamal Abdunnasir suka bi gida-gida suna kwasar 'yan gurguzu, cikinsu har da wani saurayi ɗalibin shari'a mai suna Sun'allah Ibrahim. A watan Nuwamba kuma wakilan Masar da na gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta Sudan suka sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwan Nilu. Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan ta ɗauki biliyan 18.5, alhali a da biliyan 4 kacal take da su. Da wannan takarda Masar ta samu damar gina babbar madatsar Aswan, Sudan ita ma ta gina ta Rusairis a kan Shuɗin Nilu, wadda aka gama a 1966, ruwan da sababbin gonakin Managil, a yankin Jazira na Sudan, ke buƙata ya tabbata. Shi kuwa saurayin nan bai sake shaƙar iskar gari ba sai a 1964, lokacin da aka kammala kashin farko na aikin Aswan, shugaban Tarayyar Sobiyat Nikita Kurushof zai zo biki, aka ga bai dace baƙon da ya kawo kuɗi da injiniyoyi ya tarar da 'yan aƙidarsa a ɗaure ba. Ke nan takardar da ta shayar da Managil ita ta haifi madatsar da ta buɗe masa ƙofar kurkuku.

Sun'allah Ibrahim ya rasu a Alƙahira ranar 13 ga Agusta, 2025, yana da shekara 88. Jaridun Larabawa sun yi masa kirari da marubucin adawa, kuma haka yake. Sai dai masu adawa suna da yawa a Masar, kuma galibinsu an manta da su tun kafin a manta da gwamnatin da suka zaga. Abin da ya raba shi da su sana'a ce guda da ya riƙe kusan shekara sittin: ya ɗauko abin da hukuma ta faɗa, ya ajiye shi gefe da gefe da abin da talaka ya wayi gari da shi, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Shi mai ajiye shaida ne, kuma ya tsare shaidar tasa ta hanyar ƙin cin abinci a hannun wanda yake ba da shaida a kansa. Wannan sana'a ce ta sa rayuwarsa ta shafi Bahaushen Jazira da Shuɗin Nilu fiye da yadda nisan Alƙahira zai sa a zata.

An haife shi a 1937. Mahaifinsa dattijo ne ma'aikacin gwamnati, mahaifiyarsa kuma yarinya ce daga gidan talakawa wadda ya aura da girma ya kama shi, yaron ya tashi cikin rufin asiri mai kama da talauci. Da ya shiga Jami'ar Alƙahira karatun shari'a sai siyasa ta ja shi, ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu da ake kira Haditu. Abin mamaki shi ne ƙungiyar tana goyon bayan Abdunnasir a kan ƙwace mashigin Suwes da kuma tsayuwar da ya yi wa Turawa, amma wannan bai hana shi ɗaure su ba. An yanke wa Sun'allah shekara bakwai, ya yi biyar da 'yan watanni. A gidan yarin Abu Za'abal, cikin watan Yuni na 1960, masu gadi suka yi wa jagoransa Shuhdi Aɗiyya dukan da ya kashe shi, a rukunin fursunonin da Sun'allah yake ciki. Daga baya aka kai shi kurkukun Wahat a tsakiyar hamadar yamma, inda fursunoni suka mai da zaman ɗauri makaranta, wannan ya koyar da harshe, wancan ya koyar da tarihi. A can ya yanke shawarar zama marubuci, yana rubuta tunaninsa a kan takardun naɗe taba, aka fitar da su a ɓoye. Sai bayan shekara arba'in ya buga su a littafi.

Littafinsa na farko, Tilkar Ra'iha, wato wancan warin, ya fito a 1966. Ɗan ƙarami ne, kuma in ana neman labari mai hawa da sauka babu shi a ciki. Wani mutum ne ya fito daga kurkuku, kullum da faɗuwar rana ɗan sanda ya zo ya sa hannu a littafinsa don a tabbata yana gida. Da rana ya hau jirgin cikin gari, ya ziyarci dangi, ya ji suna hirar firji da kayan ɗaki, ya dawo ya zauna zai yi rubutu ya kasa. Jimlolin gajeru ne, busassu, ba ado ba kuka. A lokacin rediyon Sautul Arab yana cika duniyar Larabawa da albishir na nasara, shi kuwa wannan ɗan littafi yana cewa akwai abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin gari. Hukuma ta ƙwace shi daga maɗaba'a. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 1967, Isra'ila ta ragargaza rundunar Masar cikin kwana shida, masu karatu suka koma suna cewa ashe hancin yaron nan ya riga kunnen kowa. Cikakken littafin ba tare da yanke-yanke ba bai fito ba sai 1986.

Aikin da ya fi kusa da mutanen Nilu shi ne Najmatu Agusɗus, tauraron watan Agusta, na 1974, kuma yadda aka haife shi ya isa darasi. A 1965 Sun'allah ya tafi Aswan tare da abokan kurkukunsa biyu, Kamal Ƙalash da Ra'uf Mus'ad haifaffen Bur Sudan, suka zauna cikin ma'aikata, suka fitar da littafin rahoto mai yabon mutumin da ke gina madatsa. Bayan ya yi aikin jarida a Balin ta Gabas, ya kuma je Mosko karatun fim, sai ya koma kan wannan tafiya ya sake rubuta ta da wani ido. A sabon littafin, ɗan jarida tsohon fursuna ne ke yawo a wurin aikin: ga injiniyoyin Rasha a unguwarsu, ga leburori cikin ƙura da zafin da ke narka kwalta, ga alƙaluman da ake liƙawa a allo na kwanakin da suka rage, ga 'yan leƙen asiri a bayan kowa. Yana cikin kallon duwatsu sai dukan Abu Za'abal ya faɗo masa a rai. Daga nan ya bi kogi zuwa Abu Simbal, inda ake yanka gumakan Fir'auna Ramsis na Biyu ana ɗaga su sama don kada ruwa ya ci su, yayin da ƙauyukan Nuba suka zama kufai. Bai ce madatsar ƙarya ce ba, don ya san ta kawo lantarki, ta kuma tsare Masar daga fari. Tambayarsa ita ce wa ya ɗauki dutsen, wa aka tasa daga gidansa, kuma sunan wa aka sassaƙa a bango. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan tambaya da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da Anwar Sadat ya buɗe ƙofar Masar ga jarin waje, Sun'allah ya bar aikin albashi a 1975 ya zauna ga rubutu kaɗai, ya kuma sake salo. A cikin Allajna, wato kwamiti, na 1981, wani mutum marar suna ya gurfana gaban wani kwamitin da ba a san wanda ya naɗa shi ba. Suka sa shi rawa, suka tuɓe shi, suka tambaye shi abin da za a tuna ƙarni na ashirin da shi, ya kawo musu tarihin Coca-Cola. Suka ba shi aikin binciken fitaccen mutum a ƙasashen Larabawa, da bincikensa ya kai ga wani attajiri mai hannu a kowace kwangila sai suka yanke masa hukuncin ya cinye kansa da kansa. A Zat kuwa, na 1992, sana'ar tasa ta kai maƙura. Babi ɗaya labarin wata mata ce mai aiki a sashen ajiye tsofaffin takardu na wata jarida, wadda babban burinta bai wuce ta gyara banɗakinta kamar na maƙwabta ba. Babi na biye kuma ba komai a ciki sai guntayen labaran jaridun Masar na gaske da ya yi shekaru yana yankewa da almakashi yana tarawa: jawabin minista, tallan kaya, labarin ruɓaɓɓen abincin da aka shigo da shi, rushewar bene, durƙushewar kamfanonin juya kuɗi irin su Rayyan da suka tafi da ajiyar talakawa. Bai ƙara sharhi ba. Mai karatu da kansa yake gano cewa tsadar da ta hana Zat barci a babi na uku, an ƙulla ta ne a babi na biyu. A 2013 aka mai da littafin wasan talabijin, ya shiga gidajen da ba a taɓa buɗe littafinsa ba.

Mai irin wannan aiki jarinsa ɗaya ne, a yarda da shi. Wannan ne ma'anar abin da ya faru a watan Oktoba na 2003 a babban ɗakin wasanni na Alƙahira. Majalisar Ƙoli ta Al'adu ta ba shi kyautar ƙagaggen labarin Larabci, fam dubu 100 na Masar, wadda Abdurrahman Munif ya fara karɓa a 1998. Ya hau mumbari a gaban ministan al'adu Faruƙ Husni, ya gode wa alƙalan gasar, ya lissafa halin da ake ciki: kisan Falasɗinawa alhali jakadan Isra'ila na zaune a Alƙahira, mamayar Amurka a Iraƙi, lalacewar makarantu da asibitoci da masana'antu, cin hanci da azabtar da tsararru. Sannan ya ce ba zai karɓa ba, domin gwamnatin da ke bayarwa ba ta da mutuncin da za ta bayar. Ya ajiye musu kyautarsu ya sauka. Mutumin da ya yi haka a lokacin yana zaune ne a ɗan ƙaramin gida a saman bene a unguwar Misrul Jadida, ba albashi ba fansho mai kauri. Ya san abin da Bahaushe ya sani, cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Akwai masu cewa wannan duk wasan kwaikwayo ne, tunda ya karɓi kyautar Sulɗan Uwais ta Hadaddiyar Daular Larabawa shekaru goma kafin nan, kuma da ya so da ya ƙi tun a waya ba sai ya tara jama'a ba. Zargin yana da ƙafa ɗaya a ƙasa, don kuwa ya zaɓi wurin da lokacin da gangan. Amma bai taɓa cewa kuɗin kyauta haramun ne ba. Kyautar Uwais wani attajiri mawaƙi ne ya kafa ta da dukiyarsa, ita kuwa ta Alƙahira hannun gwamnatin da littattafansa ke tuhuma ne ya miƙo ta, kuma amfaninta ga gwamnatin shi ne hoton da za a ɗauka. Da ya ƙi a ɓoye, da an kira wani an ba shi, hoton ya fita yadda ake so. Haka kuma ƙin nasa bai zama zagi ga wanda ya karɓa ba. Ɗayyib Salih na Sudan ya karɓi kyautar a 2005, darajarsa ba ta ragu ba, domin shi ba a kan tuhumar gwamnatin Masar ya gina aikinsa ba. Kowa da abin da zai ɓata masa shaida.

Wani zargin ya fi wannan nauyi a wurin mai karatu Musulmi: mutumin ɗan gurguzu ne, kuma a littattafansa akwai wuraren da suka tsallake iyakar kunya, har babban marubuci Yahya Haƙƙi ya nuna ƙyamarsa ga wani wuri a littafin farko. Ba za a ɓoye wannan ba, kuma ba kowane littafinsa ne za a miƙa wa yaro ba. Amma a duba abu biyu. Na farko, da farfagandar jam'iyya yake yi, da bai rubuta Najmatu Agusɗus yadda ya rubuta ba, da kuma bai fitar da Aljalid ba a 2011, inda ya nuna Mosko ta zamanin Birezhnef da layin sayen abinci da shaye-shaye da mutuwar zuciya. Almakashinsa bai bar gidansu ba. Na biyu, lissafa zalunci da sunansa ba gadon 'yan gurguzu ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, bai tsaya ga cewa sarakunan Hausa azzalumai ne ba, sai da ya kira abubuwan da sunayen da talaka ya san su da su, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Jikokin waɗanda suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, ba sa buƙatar Markis, uban aƙidar gurguzu, ya koya musu wannan. A ɗauki tsabar, a bar ƙaiƙayin.

Zargi na uku shi ne cewa shi ma ya yi kuskure a siyasa, kuma gaskiya ne. Ya shiga ƙungiyar Kifaya mai adawa da Husni Mubarak, amma a 2013 ya goyi bayan tumɓuke Muhammad Mursi da soja suka yi, abin da ya ɓata wa masoyansa da yawa rai, tunda shi ya fi kowa sanin abin da kurkukun soja ke nufi. Sai dai wannan kuskure yana ƙarfafa maganar da muke yi ne. Ra'ayin marubuci a hira da ɗan jarida yana tsufa kamar na kowa. Abin da ba ya tsufa shi ne takardar da ya ajiye da ranarta, da kuma rayuwar da ya ɗora kusa da ita. Wanda ya karanta Allajna ko Sharaf, littafinsa na 1997 a kan gidan yari, ya samu ma'aunin da zai auna kowace gwamnati, har da wadda marubucin ya yi wa uzuri.

To, ina Managil a cikin wannan? Aikin noman Jazira ya fara da madatsar Sinnar a 1925, kamfanin Ingila ya riƙe shi har 1950, sannan hukumar gwamnatin Sudan da ke Barakat ta karɓa. Tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 aka haƙa faɗin Managil, kimanin fadan dubu 800 (fadan ma'aunin faɗin gona ne), aikin duka ya haura fadan miliyan biyu. Tun farko an raba ribar auduga gida uku: gwamnati, masu gudanarwa, da mai hawasha, wato manomin da aka ba gona. Wanda ya sunkuya ya tsinci audugar, ya yi noma, ya yashe magudanar ruwa, ya kwashi zazzaɓi da tsargiya a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, ba ya cikin rabon, kuma ba ya cikin littafin lissafi sai a matsayin kuɗin ƙodago. Da yawa daga cikin waɗannan Hausawa ne da Fulani da Barebari da mutanen Darfur, wasu alhazai ne da hanyar Makka ta tsayar, suka zauna a kambo, wato sansanin leburori a gefen gonaki, 'ya'ya da jikoki, galibi ba takardar fili, ba isasshiyar makaranta ko ruwan sha. Rahotannin hukuma sun ƙidaya kowane buhun auduga. Ranar mutum ɗaya a kambo, daga asuba zuwa isha, ita ce ba a rubuta ba. Kuma rashin rubutun yana da farashi. Da rikicin ƙasa ya ɓarke a Shuɗin Nilu a 2022 aka kashe ɗaruruwan mutane, tambayar da aka jefa wa Hausawa ita ce yaushe suka zo, me suka gina. A watan Janairu na 2025, lokacin da soja ke ƙwato Wad Madani, an kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Ɗayba, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto. Wanda ba a rubuta guminsa ba, da sauƙi ake ce masa baƙo.

Ba a ce ba a taɓa gwadawa ba. Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala, ya rubuta Aljango a kan leburorin riɗi na gabashin Sudan, ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009, hukuma ta hana littafin, a 2012 aka kwashe littattafansa daga kasuwar baje kolin Khartum, ya yi hijira zuwa Ostiriya. A ƙasar Hausa ma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da suka fito a 1982, sun nuna harshen yana iya ɗaukar labarin fasa-ƙwauri da cin hanci da bindiga. Amma darasin da ya fi kusa yana wurin mutanen Nuba. Sun'allah ya ga kufansu daga cikin jirgin ruwa, ya rubuta abin da baƙo mai gaskiya zai iya gani, iyakarsa ke nan. Ciwon da ke ciki sai da 'ya'yansu suka rubuta da kansu, irin su Muhammad Khalil Ƙasim, wanda shi ma ya ɗanɗani kurkukun Wahat, da Idris Ali da Hajjaj Addul. Saboda su ne yau duk mai karatun Larabci ya san abin da madatsa ta ci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kayan aikin Sun'allah ba su fi ƙarfin kowa ba: almakashi, akwatin ajiye takardu, kunne, da haƙurin shekaru. Saurayi ko budurwa a Managil, ko Mai Wurno, ko Damazin, da ya yi makaranta da Larabci kuma ya sha Hausa a nono, yana zaune a kan abin da marubutan Alƙahira ba za su taɓa samu ba. Akwai rasiɗin awon auduga a cikin adakar kaka, akwai sanarwar mufattishi mai duba gonaki, akwai takardar neman shaidar zama ɗan ƙasa da aka yi ta dawo da ita, akwai tsofaffin da suka ga ranar da ruwa ya fara gudu a tur'ar Managil, kuma kullum raguwa suke yi. A tara waɗannan tun yanzu, a rubuta ranar kowace da wurinta, a ajiye maganar hukuma kusa da maganar mai tsintar auduga. Ko da Larabci aka rubuta ko da Hausa, ko da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin wanda ya rubuta ya kiyaye hannun da zai ci a ciki.